Mutum Arba'in na Shekarar Fara

Ku da kuke zaune a biro, wato ofis, yanzu, in an ce a ɗauki ma'aikata, sai ku baje takardu a kan tebur, ku duba wadda ta fi yawan hatimi, ku kira sunan mai ita. Na ji ɗayanku yana cewa wannan aiki ko mai gyangyaɗi ya yi shi. Ban ji haushi ba, don ni ma da na fara haka na ɗauke shi: a hango ƙato, a ce zo nan. Sunana Isufu, a nan Matameye aka haife ni, kuma shekara talatin da ɗoriya ban yi wata sana'a ba sai zaɓen mutane. 'Yan dako, masu korar jakuna, masu aikin hanya, maginan rijiya, duk ta hannuna suka bi. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. To, ku gyara zama.

Wajen Kawu Ƙanta na koya, yayan mahaifiyata. A gidansa fataken Damagaram suke sauka in za su Kano da kanwa da fatu, shi yake samo musu mutanen da za su ɗauki kaya. Na riga na yi aure lokacin da na shiga hannunsa, ina ganin na san duniya. Aikin farko da ya ba ni na wani attajiri ne, Malam Laminu, yana son 'yan dako goma sha biyu. Kawu ya zauna a gindin itacen bedi ya ce, “Je ka zaɓo mini.” Na shiga kasuwa, kafin azahar na dawo da ƙatti goma sha biyu, kowanne ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka kawo kayan aikinsa, su uku ne kawai: gammo, da ƙunshin kanwa guda mai nauyi, da ƙwaryar fura.

Kowanne ya ɗauki kanwar ya zagaya gida ya dawo. Ni ina kallon yadda suke ɗagawa, shi kuwa yana kallon yadda suke saukewa. Sannan ya duba tafin ƙafarsu, ya shafa tsakar kansu. Daga nan ya zaunar da su huɗu-huɗu, ya ajiye musu ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya. Da suka gama, ya sallami biyar.

Na ce, “Kawu, ai waɗanda suka fi ƙarfi ka kora.”

Ya ce, “Wancan ya yar da kaya, bai sauke ba. Ranar da ya gaji, haka zai yi wa fatun Malam Laminu a cikin taɓo. Wancan kurkunu na nan tafe a idon sawunsa, kwana huɗu zai zama shi ne kayan. Wancan tsakar kansa laushi, bai taɓa dako ba, ƙarya ya yi maka. Biyun nan kuwa, ka ga sun dubi na kusa da su kafin su ƙara ludayi?”

Na ce ban lura ba.

Ya ce, “Tafiyar kwana goma ce da salka ɗaya. Ka riƙa lura.”

Shekara shida na yi a bayansa. Ya koya mini in je ƙauyen mutum in tsaya bakin rijiya, in ambaci sunansa a gaban mata, in saurari yadda za su amsa. Ya koya mini kada in haɗa 'yan gida ɗaya su wuce biyu a ayari, don in ɗaya ya yi fushi duka za su juya. Kuma kullum abin da yake rufewa da shi, ya dubi mutum ya ce, “Kai, me ka iya?” Ya ce mutum yakan yi ƙarya a kan ƙarfinsa, amma in ka tambaye shi sana'arsa, hannuwansa sukan fara ba da amsa kafin bakinsa. Wannan hanya tana da jinkiri, ban ɓoye muku ba. Mutum goma sai su ci maka mako guda. Amma ban taɓa jin ayarin da Kawu ya haɗa ya watse a hanya ba.

Da Nasara suka zauna da gindinsu, sai aikin ya canja kama. Su ba goma suke so ba, ɗari suke so, a share hanya, a ɗauko itace, a gina masauki. Kuma ba tambayar mutum ake yi ba. Kumandan ya aiko wa sarki, sarki ya aiko wa masu gari, kowane ƙauye ya kawo adadinsa. Kun san yadda mai gari yake zaɓe? Maraya, da baƙo, da wanda suka yi rigimar gona bara. A turo maka mai tari da mai gwaiwa da tsohon da ba ya gani sosai. Kafin a yi mako rabinsu sun tsallaka ƙasar Ingilishi, sauran suna kwance. Nasara suka gaji, suka ce a nemo musu wanda ya san mutane. Aka zo wajen Kawu, ya ce shi ya tsufa. Da manzon ya fita, na ce ni zan je.

Kawu ya ce, “Ɗana, wancan ba zaɓe ba ne, kamu ne.”

Na ce, “In ban je ba, wani zai je wanda bai san komai ba.”

Ya ce, “Haka ne.”

Ba zan ce ban yi abin kirki a ciki ba. Ban taɓa ɗaukar namiji ɗaya tilo na gida da damina ba. Na sha mayar da mara lafiya in sa mai gari ya kawo ɗan ƙanensa. Shi ya sa har yau akwai zuriyar da ba ta gaishe ni.

Nasaran da na fi daɗewa da shi wani sarsan ne, wato saje, muna ce masa Mai Lofe. Shi ya zo da tasa hanya. Ya kawo sanda doguwa da tsaga a jikinta, da buhu cike da rairayi. A jera mutane, wanda kansa bai kai tsaga ba ya koma gefe. Wanda ya kai, ya ɗauki buhu ya je gindin tsamiyar bakin kasuwa ya dawo. In bai faɗi ba, an ɗauke shi. Ku bar ni in faɗi gaskiyar wannan hanya: tana da sauri, mutum ɗari kafin rana ta yi tsaka. Kuma ba ta san ɗan mai gari ba, ba ta san maraya ba, ba a kai mata goro. Ranar da ta fara kama ɗan wani babban mutum, talakawa sun yi ta murna a ɓoye. Amma tsawo da wuya kawai take aunawa. Mai Lofe kansa ya san haka, don ya sa tafinta ya gaya mini, in sanda ta ƙi wanda na san yana da amfani, in yi magana. Na kuwa yi sau da yawa. Akwai wani gajeren maƙeri da na sa aka ɗauka, shi ya riƙa wasa mana diga da gatura har aka gama hanya, Mai Lofe ya ji daɗinsa ƙwarai. Ina so ku riƙe wannan: bakina a buɗe yake, ba wanda ya ɗaure shi.

Sai shekarar fara. Hatsi ya fitar da kai, muna cewa bana sai godiya, ta sauka da rana tsaka kamar hadari. Kwana biyu ta tashi ta bar kara tsaye. Kafin bazara rumbuna sun zama wofi, mata suna jiƙa 'ya'yan itacen anza su zubar da ɗacinsu su dafa, ana tankaɗe dusa sau biyu. A cikin wannan hali aka aiko cewa za a gyara hanyar Ɗan Barto, a kuma gina rijiya a mazaunin da matafiya suke yada zango. Mutum arba'in ake so. Kuma a wannan karo za a riƙa ba kowane ma'aikaci tiyar hatsi kullum.

Duk shekarun baya, in aka ji na shigo ƙauye, samari bayan rumbu suke ɓuya. Ranar nan da na fito da hantsi, filin kasuwa ba masaka tsinke. Sun zo daga ko'ina, wasu tun jiya suke tafe. Surukina yana ciki. Maƙwabcina yana ciki. Wanda muka yi kaciya tare yana ciki. Kowa ya kafa mini ido, kowa yana kiran sunana, “Isufu! Isufu, ka gan ni?” Tiya guda a lokacin ita ce ran gida guda. Na duba na ga duk wanda na ɗauka da bakina, na ƙi mutum goma da bakina, kuma a garin nan zan ci gaba da zama. Sai na ce wa tafinta ya gaya wa sarsan, yau a bar sanda da buhu su yi aikinsu, ni ba ruwana. Na ɗaga murya na faɗa wa jama'a haka, don kowa ya ji.

Aka fara. Wajen mutum na ashirin, wata mata ta kutso tana riƙe da hannun ɗanta. Inna Kande ce, mai daddawa, mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗan nata Haru, dogo ne, ɗan kokawa, yunwa ba ta gama cin jikinsa ba tukuna. Ya wuce tsaga da tafin hannu guda, ya ɗauki buhu ya je ya dawo yana dariya. Uwar ta durƙusa ta ce, “Allah ya raya maka naka, Isufu.” Na ce ba ni ba ne, ƙarfinsa ne.

Can wajen ƙarshe sai ga Manzo. Mutumin Icirnawa ne, maginin rijiya ɗan maginin rijiya. Rabin rijiyoyin da ke tsakanin nan da ƙauyensu, ko shi ya gina ko ubansa. Gajere ne ainun, irin jikin da aikin yake so, don cikin rijiya ba wurin dogo ba ne. Na san shi sarai, na taɓa kai shi aikin wani attajiri. Ya rame har na so in kasa gane shi. Aka tsayar da shi jikin sanda, bai kai ba. Gardin da ke riƙe da ita, wato ɗan sandan Nasara, ya tura shi gefe.

Manzo ya ce, “A bar ni in gwada buhun.”

Mai Lofe ya ɗaga kafaɗa, aka ɗora masa. Ya yi taku kamar ashirin, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya faɗi, buhun ya bi ta kansa ya danne masa kwankwaso. Aka ɗaga shi. Ya tako a hankali har gabana.

Ya ce, “Isufu, na ji an ce da rijiya a aikin nan.”

Na ce, “Akwai.”

Ya ce, “To, wa zai shiga?”

Na ce, “Manzo, ka ji abin da na faɗa da safe. Sanda ce ta ƙi ka.”

Ya ce, “Sanda ba ta san ni ba. Kai ka san ni.”

Tafinta ya matso ya ce mini a hankali, “Sarsan yana tambaya, ko wannan wani ne?” Surukina, wanda buhu ya kayar ɗazu, yana tsaye yana kallona, da shi da wasu da yawa. In na buɗe baki saboda mutumin Icirnawa, me zan ce musu? Na ce wa tafinta, “Ba kowa ba ne.” Manzo ya dube ni, ya juya, yana ɗingishi.

A wurin aiki ni na raba mutane. Na ware shida mafiya ƙarfi na ce su ne na rijiya, Haru a gabansu. Ban tambayi ko ɗaya me ya iya ba. Na san amsar, ba na so in ji ta. A raina na ce rami ne, ƙarfi zai gina shi, in ya so in an yi nisa na nemo wanda ya sani. Kwanakin farko kuwa aiki ya yi gudu. Jan ƙasa ce mai tauri, Haru yana dukanta da dagi, kwando yana hawa yana sauka, Mai Lofe yana leƙawa yana gyaɗa kai.

Ƙasar nan tamu, a ƙarƙashin ja akwai farin rairayi mai gudu. Magini yana ganin launin abin da kwando ya fito da shi ya canja, sai ya tsaya, ya yi wa rijiya ɗaurin itace kafin ya ƙara ko taki ɗaya. Haru bai san wannan ba. Ya ji ƙasa ta yi laushi, ya yi murna. Kuma da yake dogo ne, wurin ya matse shi, sai ya riƙa faɗaɗa gindin ramin don ya sami wurin juyawa. A rana ta tara, da hantsi, ina can bakin hanya ana sare kututture, na ji wani sauti kamar an yar da babban buhu. Na ruga. Igiya tana nan a hannun masu ja, amma ƙarshenta ya nutse cikin rairayi, Haru yana ƙasa. Muka sa hannu, muka sa ƙwarya, duk abin da muka kwashe sai ninkinsa ya zubo. Bakin ramin ya fara tsagewa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Mai Lofe ya daka tsawa kowa ya ja baya.

Na ari dokin gardi na nufi Icirnawa. Na sami Manzo shi kaɗai a gida, kwance a kan tabarma a inuwar rumbun da ba komai ciki. Na tambayi iyalinsa. Ya ce kwana huɗu ke nan matarsa ta bi masu tafiya kudu da 'ya'yansu biyu, ko za su sami abin ci a ƙasar Ingilishi. Shi kwankwaso ya hana shi tafiya, sun yi da ita in ya ji sauƙi zai bi su. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Tambaya biyu kawai ya yi.

Ya ce, “Gaba nawa ya yi kafin ta rufta?”

Na ce, “Wajen shida.”

Ya ce, “Farin rairayi ya fito?”

Na ce, “Tun shekaranjiya.”

Sai ya ce, “Ɗora ni a dokin.”

Washegari muka iso, shi a kan doki, ni a ƙasa ina ja. Ya zauna nesa da bakin ramin ya sa aka kawo masa rairayin, ya murza a yatsa. Ya sa aka saro itacen ƙirya, aka yanko gamba. Aka buɗe bakin da faɗi, aka riƙa sauka kaɗan-kaɗan, ana jera itace a zagaye, ana cusa ciyawa a bayansa don ta tare rairayi. Ba wanda ya ɗaga dagi sai da izininsa. A rana ta uku aka kai ga Haru. Manzo ya ce a ɗaura masa igiya a ƙirji, shi zai sauka, don sauran ba su san inda za su taka ba. Shi ya tono shi da hannu, ya ɗaura shi, aka jawo. A tsugune aka same shi, dagin yana hannunsa. Ni na kai wa Inna Kande labari. Tana daka kalwa na shiga. Ta ajiye taɓarya ta saurare ni har na gama, ta ce, “Allah ya sa ya huta,” ta shiga ɗaki.

Manzo ya zauna har aka ga ruwa, wata guda da 'yan kwanaki. Aka riƙa ba shi tiya, rabi yake ci, rabi yana tarawa a taiki. Ranar da aka jawo gugan farko, ya ɗanɗana, ya ce ta yi, ya ɗaure taikinsa. Na bi shi har bakin hanya na ce ya tsaya, sarsan ya yarda a sa shi shugaban magina, akwai wasu rijiyoyi a gaba.

Ya ce, “Wata guda da rabi ke nan ba su ji ɗuriyata ba. Da ranar nan aka ba ni tiyar, da suna gida.”

Na ce, “Ka yafe mini, Manzo.”

Ya ce, “Sai na gan su tukuna.”

Ya kama hanyar kudu da sandarsa. Shekara da shekaru duk bafataken da ya sauka garin nan sai na tambaye shi ko ya ga wani gajeren maginin rijiya mai ɗingishi. Wani ya ce kamar ya gan shi wajen Daura, wani ya ce a'a. Ban sake jin tabbacin labarinsa ba, ko shi ko matar ko yaran.

Da aka gama hanya, Mai Lofe ya tara mu a bakin rijiyar. Tafinta ya ce kumandan ya ji daɗi. An ɗauki arba'in, ɗaya ya mutu, ba wanda ya gudu, ba a taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Don haka daga yau da sanda da buhu za a riƙa zaɓe a ko'ina. Ku duba yadda ake auna hanya a yi kuskure. Wa zai gudu ya bar tiya a shekarar fara? Ko da ƙuri'a aka ɗebe su ba mai gudu. Rijiyar kuwa wanda sanda ta ƙi ne ya gina ta, amma shi ba ya cikin arba'in ɗin, saboda haka ba ya cikin lissafin. Tafinta ya juyo ya ce, “Isufu, sarsan ya ce ko kana da magana?” In na yi magana, sai na faɗi abin da na ce ranar kasuwa. Na ce, “Babu, ransa ya daɗe.” Aka ba ni farar riga. Shekara goma bayan nan da wannan hanya na yi ta zaɓen mutane, har aka daina aikin dole.

Inna Kande ba ta taɓa kai ƙarata ko'ina ba, ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Wurin zamanta a kasuwa yana bakin hanyar da nake bi, ba yadda zan kauce. Duk ranar kasuwa in na zo wucewa, sai ta ɗago kai daga kan faifan daddawarta ta ce, “Isufu, ina aiki?”

Ni kuma in ce, “Aiki da godiya, Inna.”

Shekara goma sha ɗaya ina ba ta wannan amsa, har ranar da na zo na tarar da wata mai kuka da kuɓewa a wurin.